Darasi na 9: Zaure, Tsakar Gida da Ɗaki, Yadda Za Ka Tsara Abokanka a Waya

A ajinmu na yamma akwai wata baiwar Allah mai sayar da atamfa da mayafai. Wata rana ta miƙo mini wayarta ta ce, "Malam, duba mini, wai an ce na cika, ba na iya karɓar kowa." Na duba, sai na tarar abokanta a Facebook sun kai 5,000, wato iyakar da kamfanin ya yanka wa mutum ɗaya. Na ce, "Hajiya, a cikinsu mutum nawa kika sani ido da ido?" Ta yi shiru tana lissafi da yatsu, can ta ce, "Da ƙyar su kai ɗari." Amma hoton bikin 'yarta, da hoton ƙofar gidanta har lambar gidan ta fito, duk dubban nan sun gani. Abin ya tsaya mini a rai, shi ya sa na ware masa darasi guda.

Wani masani ɗan Ingila, Robin Dunbar, ya yi nazari a farkon shekarun 1990 ya ce mutanen da ɗan Adam ke iya riƙe hulɗa ta gaskiya da su ba su cika wuce 150 ba. Ku gwada da kanku. Idan aka yi rasuwa a gidanku, su wa za su tako su zo gaisuwa? Waɗannan su ne mutanenka. Saura 'yan kallo ne, wasu masu fatan alheri, wasu kuma Allah kaɗai ya san abin da ya kawo su.

Kowace kafa da irin ƙofarta

Kowa ya san tsarin gidan Bahaushe. Baƙo yakan tsaya a zaure, maƙwabta da dangi su shiga tsakar gida, ɗaki kuwa sai na jiki. Ba wanda ke jin haushi don an tsayar da shi a zaure, domin haka tsarin yake. Wayarka ma gida ce, sai dai da yawanmu mun bar ƙofofinta a buɗe tun daga zaure har ƙuryar ɗaki.

A Facebook sai mutum ya nemi abota, kai kuma ka amince. A TikTok da Instagram da X kuwa, mutum na iya bin ka ba tare da neman izini ba, sai fa idan ka kulle shafinka. WhatsApp shi da lambar waya yake aiki: duk wanda ya samu lambarka zai iya aiko maka da saƙo. Facebook da Instagram da WhatsApp duk mallakar kamfani ɗaya ne, Meta, wanda ya sayi Instagram a 2012, ya sayi WhatsApp a 2014.

Ɗalibai kan tambaye ni, "Malam, yaya aka yi mai gyaran babur ɗina ya gan ni a TikTok, ni kuwa ban faɗa masa ba?" Amsar tana cikin lambar waya. Ranar da ka sauke manhaja, takan nemi izinin duba lambobin da ke wayarka. Mukan danna amincewa ba tare da mun karanta ba. Da waɗannan lambobi ne take haɗa ka da mutane, ta nuna ka gare su, ta nuna su gare ka. Idan ba ka so, shiga setin na manhajar, ka nemi sashen sirri, ka kashe wannan izini. Wanda karatunsa bai yi ƙarfi ba tukuna ya nemi ɗansa ko wani amintacce su yi tare, wayar tana hannunsa yana kallo.

Alamomi uku

Ko ba ka iya Turanci ba, akwai alamomi uku a Facebook da za ka haddace. Suna fitowa kusa da sunanka duk lokacin da za ka sa hoto ko rubutu. Alamar duniya tana nufin kowa zai gani, har wanda ba abokinka ba: wannan zaure ne, kai har bakin titi. Alamar mutum biyu tana nufin abokanka kawai: tsakar gida ke nan. Alamar kwaɗon kulle ƙofa tana nufin kai kaɗai: ɗaki. Tallan haja a sa masa duniya. Hoton yara da na iyali kada ya wuce mutum biyu. Magana zarar bunu ce, hoto kuma ya fi ta, domin wanda ya gani zai iya adanawa a wayarsa ko da ka goge daga baya. Ana kuma iya mayar da Facebook zuwa Hausa a cikin setin, abin da zai sauƙaƙa wa da yawanku.

Kafin ka karɓi baƙo

Idan neman abota ya shigo, kada ka yi saurin dannawa. Buɗe shafin mutumin. Yaushe aka buɗe shi? Hoto ɗaya ne kawai a ciki? Akwai wanda kuka sani tare? Wanda ya fi haɗari shi ne neman abota daga wanda dama abokinka ne. 'Yan damfara sukan kwashi hoton mutum da sunansa su buɗe sabon shafi, su bi danginsa ɗaya bayan ɗaya. Kana karɓa sai saƙo ya biyo: "Salamu alaikum Yaya, don Allah ina asibiti da yaro, ka taimaka mini da wani abu, gobe zan mayar." Maganin wannan ɗaya ne: ka kira mutumin a tsohuwar lambarsa, ka ji muryarsa da kunnenka.

Haka nan lamba shida da WhatsApp ke aikowa ta saƙon tes. Mabuɗin gidanka ce. Wani zai kira ya ce shi shugaban guruf ɗinku ne, za a yi taro ta waya, ka karanto masa lambar da ta shigo. Kana karantawa ya ƙwace asusunka, ya shiga roƙon mutanenka kuɗi da sunanka. Kada ka ba kowa, ko wane ne. Ka kuma sa wa WhatsApp ɗinka kwaɗo na biyu, wato wata lamba shida da kai za ka zaɓa da kanka a sashen asusu.

Rage mutum ba tare da yanke zumunci ba

Nan ne wurin da ya fi wuya, kuma nan ne na fi so mu daɗe. Baƙon da ba ka sani ba, cire shi ba komai ba ne. Facebook ma ba ya sanar da wanda aka cire. Amma ina batun kawunka mai tura jita-jita dare da rana, ko facalarki da ke sa habaici kullum a sitatus? Yi wa irin waɗannan bulokin kamar rufe musu ƙofa ne a fuska. Ko da yake ba a sanar da su, za su gane, domin saƙonsu na WhatsApp zai tsaya a kan alama ɗaya, mai nuna bai iso ba, har abada, kuma maganar za ta kai gaban manya. Zo mu zauna, zo mu saɓa, amma ba kowace saɓawa ce ke kai ga rufe ƙofa ba.

Akwai matakai kafin a kai nan. A Facebook kana iya daina bin mutum: kuna nan a matsayin abokai, amma abin da ya sa ba zai riƙa zuwa gabanka ba. Kana iya hutar da shi na kwana 30. Kana iya sa shi cikin jerin waɗanda aka taƙaita, ya zama ba ya ganin komai naka sai mai alamar duniya. A WhatsApp kana iya kashe ƙarar saƙonsa na awa 8, ko mako guda, ko dindindin, kana kuma iya zaɓar waɗanda ba za su ga sitatus ɗinka ba. Duk wannan ba wanda zai sani. A ganina bulokin na mai zagi ne, da mai turo batsa, da ɗan damfara, da wanda aka ce ya bari ya ƙi. Irin waɗannan kada a ji nauyinsu ko kaɗan, musamman ku mata. Shi kuwa kawu, ka kashe ƙarar saƙonsa, ranar Juma'a ka taka ka gaishe shi, tunda zumunta a ƙafa take.

Guruf ma haka. Na WhatsApp yana ɗaukar mutum har 1,024, kuma shigarka ke nan lambarka ta bayyana ga mutanen da ba ka sani ba. A sashen sirri akwai wurin da za ka hana a jefa ka guruf sai ta hannun wanda lambarsa ke wayarka. Fita kuma ta yi sauƙi, domin yanzu masu kula da guruf kaɗai ake sanarwa. Na dangi dai a yi haƙuri da shi, a kashe ƙara.

Mai sana'a ya fi dacewa ya raba layi: ɗaya na ciniki, ya ɗora masa WhatsApp Business, ɗaya na gida. Haka Hajiya ta yi daga baya. Wanda kuma zai canza layi ya yi amfani da wurin canza lamba a cikin WhatsApp, domin layin da aka daɗe ba a amfani da shi kamfanin waya kan sayar wa wani, dangi su yi ta tura masa sirrin gida suna zaton kai ne.

Aikin gida

Ɗauki littafinka ka ja layi biyu daga sama zuwa ƙasa, shafin ya kasu uku. Rubuta ZAURE, TSAKAR GIDA, ƊAKI a saman kowane kaso. Buɗe jerin abokanka, ka ɗauki sunaye ashirin na farko, ka rubuta kowanne inda ya dace. Wanda ka rasa inda ka san shi, ka zagaye sunansa. Sannan ka duba hotuna biyar na ƙarshe da ka sa, ka zana alamar da ke jikin kowanne: duniya, mutum biyu, ko kwaɗo. A zo da littafin da wayar aji mai zuwa, a kuma tabbatar akwai caji.