Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Fassara Kalmar Antebellum

Na gaji da gyara kuskure iri ɗaya a ayyukan sababbin masu fassara duk lokacin da suka ci karo da kalmar antebellum. Asalinta daga harshen Latin ne, inda ante ke nufin kafin, bellum kuma yaƙi, sai dai sanin wannan kaɗai ba ya fitar da mutum.

Babban kuskure shi ne a rubuta "kafin yaƙi" a wuce, ko kuma mai fassara ya zaɓi yaƙin da ya fi sani. A rubutun Amurkawa, kalmar kusan kullum tana nuni ne ga shekarun da suka gabaci yaƙin basasar ƙasarsu, wanda ya ɓarke a 1861 ya ƙare a 1865, musamman a jihohin Kudu inda arzikin auduga ya dogara da gumin bayi, waɗanda ƙidayar 1860 ta nuna sun kusa miliyan 4. Ni kaina na taɓa faɗawa wannan rami, lokacin da na fassara wani babi kan manyan gidajen jihar Misisipi, na rubuta cewa an gina su kafin Yaƙin Duniya na Biyu. Editan ya zagaye layin da jan biro, ya rubuta a gefe: "To, Malam, bayin da suka gina su fa, har 1939 suna nan?" Aka karɓe aikin daga hannuna, ko rabin kuɗin ban gani ba. Tun daga ranar nake rubuta "kafin yaƙin basasar Amurka" a cike, kome tsawon da jimlar za ta yi.

Waɗanda suka fi ba ni haushi su ne masu ganin bellum ta yi kama da belle ta Faransanci, wato kyakkyawa, sai su rubuta "zamanin ƙawa". Wannan ganganci ne, domin kwalliya suke yi wa zamanin bauta. Nauyin kalmar ne ya sa wata ƙungiyar mawaƙa ta Amurka ta cire ta daga sunanta a 2020.

Kada a rikita ante da anti, domin kalmar ba ta nufin adawa da yaƙi. Kishiyarta ita ce postbellum, bayan yaƙi.

A harshen diflomasiyya kuwa, status quo ante bellum na nufin komawa yadda al'amura suke kafin faɗa, kowane yaƙi ne, kamar yadda Birtaniya da Amurka suka amince a yarjejeniyar Ghent ta 1814. A nan ne nake barin "kafin yaƙi" ba tare da ƙarin bayani ba.