Yadda za ka yi gardamar albashin 'yan baseball ba a ƙure ka ba

Tunda kulob ɗin Dodgers suka lallasa Yankees a World Series, wato wasan ƙarshe na cin kofin baseball a Amurka, na 2024 magoya baya ke ta kumfar baki wai da kuɗi aka sayi kofi. To in za ka tsoma baki fara riƙe lissafi tukuna. Ohtani, tauraron ɗan wasan Dodgers, dala miliyan 700 ya sa wa hannu na shekara 10, amma miliyan 2 kacal yake karɓa duk shekara, ragowar sai 2034 za a fara biyansa. Ka kuma sani MLB, wato babbar hukumar gasar baseball ta Amurka, ba ta sa iyaka kan yawan albashin da kulob zai biya, haraji kawai ake lafta wa kulob ɗin da ya wuce gona da iri. In haushin kuɗin shiga kallo kake ji wallahi haushinka yana kan hanya, tikiti ya yi tsada, amma kar ka sauke shi kan ɗan wasa kaɗai, masu kulob ne ke yanka farashi.