Yadda na gyara karatun polarimita mai ta sauka

Alhamdulillahi, polarimitar ɗakin gwajinmu a Kaduna, wato na'urar auna yadda ruwan sukari da makamantansa ke juya haske, ta daidaita, kuma ina godiya ga mai kula da kayan aiki.

Sukari giram 10 da aka narkar a ruwa har haɗin ya kai mililita 100, cikin bututun desimita 2, ya kamata ya juya haske dama digiri +13.3, tunda juyin sukuros, wato sukarin shayi, +66.5 ne a hasken fitilar sodiyam. Namu kuwa 13.2 da safe, kafin azahar 11.8, yana ta sauka.

Na bar fitilar ta yi zafi sosai, na fitar da kumfa, na sassauta murfin bututun domin matse gilashi na ɓata karatu. Duk a banza.

Takardar pH, mai auna tsamin ruwa, ce ta tona asiri: ta nuna 2, wato akwai asid sosai. Ashe ragowar asid ɗin HCl na cikin kwalbar haɗin. Asid yana raba sukuros zuwa gulukos da furuktos, furuktos kuma hagu yake juya haske, da ƙarfin da ya fi na gulukos mai juya shi dama, shi ya sa karatun ke sauka. Zafin Afrilu yana ƙara hanzarta abin.

Na wanke kwalba da bututu da ruwan bakin soda, na ɗauraye sau uku da tataccen ruwa, na saita sifili da ruwa zalla, sannan na haɗa sabo. Ya tsaya 13.2 har la'asar.