Kurakuran da ake yi wajen auna tasirin masanin tsoka: misalin Bengt Saltin

Ɗaliban ilimin aikin jiki da masu rubuce-rubuce kan kimiyya sukan so su nuna girman wani masani, kuma hanyar da ta fi musu sauƙi ita ce su buɗe Google Scholar, shafin intanet na neman maƙalun ilimi, su kwafo yawan lokutan da aka ambaci maƙalunsa. A nan ne kuskuren farko yake, kuma aikin Bengt Saltin, masanin tsoka ɗan ƙasar Suwidin wanda ya rayu daga 1935 zuwa 2014, ya isa a gane dalili.

Yawan ambato yana nuna cewa an yi amfani da maƙala, amma bai faɗi irin amfanin ba. Maƙalar Oliver Lowry ta 1951 kan hanyar auna furotin an ambace ta fiye da sau 300,000, saboda duk wanda ya bi hanyar a ɗakin gwaji sai ya ambace ta. Shi kuwa binciken da ya sauya fahimtar mutane yakan shige littattafan koyarwa har a daina tuna mai shi. Ma'aunin h da Jorge Hirsch ya gabatar a 2005, wanda ke haɗa yawan maƙalun masani da yawan ambatonsu a lamba ɗaya, bai warware wannan ba, kuma yakan fifita wanda ya daɗe yana wallafawa. Gyaran shi ne mutum ya karanta wasu daga cikin maƙalun da suka yi ambaton, ya ga ko sun ɗora aiki a kan binciken, ko sun musanta shi, ko kuwa sun jera sunansa ne kawai a gabatarwa.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne tattara aikin jama'a a ɗora wa mutum ɗaya. Ana yawan cewa Saltin ne ya gano yadda 'yan gudun dogon zango za su cika tsokarsu da gilaikojin, wato sukarin da tsoka ke adanawa, kafin gasa. Alhali Jonas Bergström ne ya fito da allurar ɗebo ɗan yankin tsoka daga jikin mai rai a 1962, kuma shi da Eric Hultman ne suka nuna a 1966 cewa tsokar da aka ƙarar da gilaikojinta da motsa jiki takan tara fiye da na da idan aka ci abinci mai sitaci. Maƙalar 1967 da ta danganta abinci da juriya tana ɗauke da sunaye huɗu: Bergström, Lars Hermansen, Hultman da Saltin. Duk wanda zai yi adalci sai ya bi jerin shekarun, ya bayyana abin da kowa ya kawo. Yin haka ba ya rage Saltin da komai, domin yana da nasa aikin da babu gardama a kai, kamar gwajin 1985 da ya yi da Per Andersen, inda aka sa ƙafa ɗaya kaɗai ta yi aiki, aka ga cewa tsoka na iya karɓar jini fiye da abin da zuciya za ta iya turawa in da dukan jiki ne ke aiki da irin wannan ƙarfin.

Akwai kuma zuzuta sakamako fiye da ƙarfinsa. A binciken da Saltin da abokan aikinsa suka yi a birnin Dallas na Amurka a 1966, an kwantar da samari a gado na mako uku, ƙarfin jikinsu na amfani da iskar oksijin ya ragu da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu, sannan horo na mako takwas ya farfaɗo da su. Da aka sake gwada su bayan shekara 30, sai aka tarar kwanciyar ta fi tsufan illa a kan wannan ma'auni. Bincike ne mai daraja, amma samarin biyar ne kacal, dukansu masu lafiya, kuma wajibi ne a faɗi hakan. Ba daidai ba ne a rubuta cewa wannan bincike ne ya kawo ƙarshen doguwar kwanciyar masu ciwon zuciya, tunda Samuel Levine da Bernard Lown sun riga sun fara zaunar da majinyatansu a kujera tun farkon shekarun 1950. Abin da Dallas ya ƙara shi ne awo dalla-dalla na abin da kwanciya ke yi wa zuciya da jini.

Na ƙarshe shi ne mantawa da tasirin da alƙaluma ba sa kamawa. Saltin ya yi karatu a hannun Per-Olof Åstrand a Stockholm, daga baya ya jagoranci cibiyar binciken tsoka ta Copenhagen a Denmark, inda masu bincike da yawa suka samu horo. Mai son rubuta tarihinsa da gaskiya ya kamata ya bi sawun waɗannan ɗalibai da abokan aiki, ya kuma duba nazarin da ya yi da Bente Klarlund Pedersen, wanda sabon bugunsa ya fito a 2015 bayan rasuwarsa, inda suka tattara hujjojin amfani da motsa jiki a matsayin magani ga cututtuka 26.