Yadda za ka ƙara wa "babu tasiri" nauyi a JASP

Duk ɗalibin da ya ajiye mini kwamfutarsa ya ce yana so ya ƙara wa "babu tasiri" nauyi a JASP, manhajar nazarin ƙididdiga, sai na tambaye shi wane nauyin yake nufi. Iri biyu ne, kuma ni kaina na daɗe ina cakuɗa su.

Na farko shi ne faɗin hasashen farko (prior), wato zaton girman tasirin kafin a ga bayanai. Ka buɗe gwajin t na Bayes, ka gangara zuwa Prior, za ka tarar da 0.707 a gaban Cauchy. Wato idan har akwai tasiri, rabin zaton manhajar yana tsakanin -0.707 da 0.707, sauran rabin ya zarce nan. A irin binciken da ake kawo mini, na dabarun koyarwa, wannan kyautata zato ne ya yi yawa, tunda Cohen, masanin da ya tsara ma'aunin girman tasiri, ma 0.8 ya kira babban tasiri. Nakan goge in sa 0.3. A manhajar R, cikin kunshin BayesFactor na Richard Morey, rscale ke yin wannan aikin.

Sai dai kada ka ɗauka ka yi wa "babu tasiri" gata da hakan. Kana matse lambar, hasashen biyu, "akwai tasiri" da "babu tasiri", suna ƙara kama da juna, ma'aunin Bayes (Bayes factor, mai nuna wanne bayanai suka fi goya wa baya) yana lallaɓawa zuwa 1, har a kai inda ba a san maci tuwo ba. Faɗaɗawar ce ma ke fifita "babu tasiri", abin da masanin ƙididdiga Bartlett ya nuna tun 1957 a tsokacinsa kan aikin Lindley. Idan ba ka yarda ba, danna Bayes factor robustness check, ka bi layin da ido yadda yake hawa da sauka.

Na biyun shi ne wanda yawancinsu ke nema ba su sani ba: kafin ka taɓa bayanan, nawa ka yarda cewa babu komai? A gwajin t, JASP ba ta da akwatin wannan. Ma'aunin kawai take miƙo maka, ragowar aikin biro ne da takarda.

A ce BF10, wato ma'aunin Bayes na "akwai tasiri" a kan "babu tasiri", ya fito 6. Idan ka fara da rabi da rabi, ya zama 6 ne da 1, wato 6 bisa 7 ke nan, kusan kashi 86 cikin 100 cewa akwai tasiri. Amma idan ka san a fanninka irin waɗannan dabaru ba su cika yin komai ba, har ka bai wa "babu tasiri" kashi 80, to 1 ne da 4. Raba 6 da 4 ka sami 1.5, sannan 1.5 bisa 2.5, kashi 60 ke nan. Na ga fuskar ɗalibar da ta riga ta rubuta "an tabbatar" a babi na huɗu lokacin da muka yi wannan lissafin.

Lambobin biyu, 0.3 ɗin da kashi 80 ɗin, ka rubuta su tare da dalilinka a babin hanyoyin bincike kafin ka buɗe fayil ɗin bayanai. A teburin sakamako kuwa ka jera abin da 0.707 ya bayar kusa da naka, don mai duba aikin zai tambaya.