Yadda ake rage huci da daidaita gen a tsohuwar amfilifayar jita mai transista

Duk wanda ya sayi tsohuwar amfilifayar jita a kasuwar Alaba, irin su Peavey Bandit ko Roland JC-120 ko ƙananan Marshall da Yamaha na shekarun 1980, ya san wannan "shiiii" da ke fitowa daga sifika tun ba a taɓa tsirkiya ba. Cikin hayaniyar kasuwa ba a jin sa. Sai ka kai ta gida Agege ko Idi-Araba dare ya tsala, ko an kara mata makirfo a zauren biki, sannan ya fito fili. Daga nan sai a ruga wurin mai gyara, shi kuma ya hau cire kaya yana sa sababbi, a kashe kuɗi, hucin yana nan, muryar amfilifayar kuma ta tafi. Abin da ya fi shi ne kada a cire ko da rezista ɗaya sai an gano ta inda hucin yake shigowa.

Mataki na 1: ka saurara, ka bambance ƙarar

Ƙara uku ake haɗawa a kira su da suna ɗaya. Huci siriri ne, a sama yake, kamar yayyafi a kan rufin kwano, kuma daga cikin kayan amfilifayar ake haifar da shi. Ƙugi kuwa mai kauri ne, daga wutar lantarki yake. Wutarmu a Najeriya bolt 230 ce mai bugun 50 a daƙiƙa, saboda haka ƙugi mai zurfi na 50 yawanci rashin wayar ƙasa ne ko wata na'ura da ke kusa, wanda ya ɗan fi shi tsini na 100 kuma manyan kafasitocin tace wuta ne suka gaji. Na uku shi ne ƙaras-ƙaras mai zuwa yana ɗaukewa, wanda galibi datti ne, ko dalma da ta tsage, ko transista da ke shirin mutuwa.

A Legas dole ka fara wanke wutar gidanka daga zargi. Ƙaramin janareto, inbata mai arha, cajar waya da ƙwan LED duk suna zuba ƙara a layi. Gwada amfilifayar a wani gida, ko lokacin da aka kawo wutar NEPA, tare da kashe cajoji. Ka duba bayanta kuma: ta Amurka bolt 120 take ci, ta kasuwar Japan 100, dole sai da taransifomar rage wuta. Idan wayarta mai baki biyu ce, a sauya mata mai uku, a ɗaure wayar ƙasa a jikin ƙarfenta. Wannan maganar rai ce, domin tsirkiyar jita a haɗe take da jikin amfilifaya, hannunka kuma yana kan tsirkiyar.

Mataki na 2: ka bi sawun hucin da maɓallai

Zare wayar jita, mayar da duk maɓallai sifili, sannan ka kunna. Idan hucin yana nan da ƙarfinsa alhali Master, maɓallin ƙarfin sauti gaba ɗaya, yana ƙasa, matsalar tana sashen ƙarshe mai tura sifika. Idan shiru ne, ɗaga Master shi kaɗai. Hucin da ya taso yanzu yana tsakanin Master da Gain, wato gen, maɓallin da ke yanke yawan ninka siginar jita. Idan har yanzu da sauƙi, sai ka ɗaga Gain. In ya taso a nan, to daga matakin farko yake, wanda ke karɓar siginar jita, kuma nan ne aka fi samun sa. Dalili shi ne duk ɗan ƙarar da aka haifa a ƙofar shiga, kowane mataki na gaba sai ya ninka ta.

Kada ka manta da Reverb, mai sa amsa-kuwwa, da Chorus, mai sa sauti kamar jita biyu ake kaɗawa. Abin da ke dawowa daga tankin sifirin na Reverb rauni gare shi ƙwarai, sai an ninka shi da yawa, hucin kuma ya biyo. Chorus na wancan zamani da aisi (IC, ƙaramar da'ira a dunƙule cikin ƙwanso mai ƙafafu) irin MN3007 yake aiki, kuma ɗan huci halinsa ne tun daga masana'anta. JC-120, wadda Roland ta fitar a 1975, an san ta da huci tun tana sabuwa, kuma hakan bai hana manyan makaɗa son ta ba. Idan kashe waɗannan biyun ya kawo shiru, ka san inda za ka nufa.

In amfilifayar tana da ramin Return ko Power Amp In a baya, samo kan jak, haɗa bakinsa biyu da guntun waya, ka cusa. Shiru na nufin sashen ƙarshe lafiyarsa ƙalau.

Mataki na 3: gyaran da ba ya buƙatar sukundireba

Mutane da yawa suna rage bolum na jikin jita zuwa rabi, sannan su ƙure na amfilifaya. Wannan shi ne kiran huci da hannu. Buɗe bolum na jita gaba ɗaya, shiga ramin High maimakon Low, domin Low yakan rage siginar da kusan rabi. Ka ba amfilifaya sigina mai ƙarfi tun daga ƙofa, yadda ba sai ta yi ta ninkawa ba.

Don sauti mai tsabta, ɗaga Gain a hankali kana bugun tsirkiya da ƙarfi har ka ji sautin ya fara tsagewa, sai ka ɗan koma baya kaɗan. Nan ne wurinsa. Ƙarfin da kake so a ɗaki kuma ka neme shi da Master. Sannan ka duba Treble, Presence da makunnin Bright, don a yankinsu huci yake zaune. Sifikar jita ba ta fitar da abin kirki sama da bugu 5,000 a daƙiƙa, saboda haka rage Treble daga 8 zuwa 5 ba ya cin sautin jita kamar yadda ake tsoro. Masu fedal kuma su sani kwamfuresa da distoshan suna ɗaga huci tare da sauti. Fedal mai tsare ƙara irin Boss NS-2 yana rufe bakin hucin idan ka daina kiɗa, amma ba ya warkar da amfilifaya mai ciwo.

Idan bayan wannan hucin ya koma wanda sai ka kara kunne kake ji, ka tsaya nan, ka bar ta haka.

Mataki na 4: buɗewa da wanki

Zare filogi daga bango. Manyan kafasitoci suna riƙe wuta bayan an kashe, sau da yawa bolt 35 zuwa 45 kowane ɓangare. Sauke ta da rezista mai om 1,000 da wat 5, ka auna da mita har ta koma ƙasa da bolt 1. Kada ka haɗa bakinsu da sukundireba. Wanda bai saba da aikin lantarki ba, daga nan ya nemi mai gyara ya zauna kusa da shi, ya gaya masa abin da gwajin maɓallai ya nuna. Ɗauki hoton fanel, allon da aka dasa kayan a kai, da wayarka kafin ka taɓa komai.

Iskar Legas danshi gare ta da gishiri, kuma ramukan jak ne suka fi shan wahala. Haska tocila cikin ramin shigar jita, za ka ga wani siririn harshen ƙarfe da ke kwanciya a kan ɗan'uwansa idan an zare waya. Aikinsa shi ne ya haɗa ƙofar shiga da ƙasa don a yi shiru. In ya yi kore ko baƙi, ba ya haɗuwa, sai amfilifayar ta yi ta huci ba jita a jikinta. Fesa masa maganin wanke haɗin lantarki, ka ja 'yar takarda mai tsabta tsakanin harsunan biyu, ka ga baƙin da za ta ɗebo. Haka za ka yi wa ramukan Send da Return, ko da ba ka taɓa amfani da su ba, don sigina ta cikinsu take wucewa. Bolum-bolum ɗin ma a fesa musu kaɗan a murɗa su sau da yawa. Ban da fetur, ban da man da ake fesa wa ƙulle mai tsatsa.

Juya fanel ka duba dalma a ƙafafun jak da bolum. Wadda ta yi zobe siriri kewaye da ƙafa ta tsage, a sake narka ta da sabuwar dalma.

Mataki na 5: farautar kayan da ke huci

Yanzu za a kunna a buɗe, saboda haka hannu ɗaya a aljihu, kuma a nisanci wajen fis da taransifoma. Da tsinken katako ka riƙa ƙwanƙwasa kaya ɗaya-ɗaya a sashen da ka gano. Wanda ya sa ƙarar ta canja, ka yi masa alama. Feshin sanyi ya fi wannan nuna gaskiya: ɗigo ɗaya a kan transista mai ciwo, sai ka ji hucin ya ɗauke ɗif na 'yan daƙiƙoƙi, ya dawo yayin da ta ɗumama.

A tsofaffin kayan Japan, transista 2SC458 ta yi ƙaurin suna wajen wannan, har ƙafafunta kan yi baƙi. KSC1845 tana maye gurbinta. BC550C ma mai shiru ce, sai dai jerin ƙafafunta daban yake, dole a duba takardar bayanin kowace kafin a dasa.

Idan aisi mai ƙafa 8 ce, karanta lambarta. Auna tukuna: yawanci bolt 15 a ƙafa ta 8, bolt 15 na kishiya a ƙafa ta 4, ƙafa ta 1 da ta 7 kuma kusa da sifili. Mai lamba 1458 tagwayen tsohuwar 741 ce ta 1968, kuma ta fi sauran huci. 4558 ta fi ta dama. NE5532 ta fi su shiru, hucinta kusan nanobolt 5 inda wata aisin, TL072, ke da 18, kuma ƙafafunsu duk jeri ɗaya ne. Amma a nan ake yawan kuskure. NE5532 tana cin wuta kusan ninki uku na TL072, kuma a ƙofar shigar jita, inda rezistoci ke da girma har om miliyan 1, tana iya fin TL072 ƙara. Ni a matakin farko TL072 nake bari, in kai NE5532 matakan tsakiya. Dasa soket a gurbin aisi don ka riƙa gwadawa da kunnenka ba tare da ƙona fanel ba. Ka sayi kayan a shagon da ka yarda da shi, domin jabun aisi sun yi yawa a kasuwa, lamba daidai, ciki wani abu daban.

Rezista ma tana huci, ko sabuwa ce. John Johnson da Harry Nyquist na Bell Labs sun bayyana haka tun 1928: zafi kaɗai yana sa ta ƙara, kuma mai om 100,000 ta ninka mai om 1,000 sau goma. Wannan ba shi da magani. Wanda ke da magani shi ne na tsofaffin rezistocin gawayi masu ruwan ƙasa, da ke ƙara ƙara idan wuta na ratsa su, su kuma sha danshi ƙimarsu ta hau. Sauya na kewayen matakin farko kawai da na fim ɗin ƙarfe masu ƙima ɗaya. Ƙananan kafasitoci masu ruwa a ciki da suka haura shekara 30 su ma a sauya su, ƙima ɗaya, bolt daidai ko sama, masu jure zafin digiri 105, a kula da ƙafar da ke da alamar ragi.

Mataki na 6: rage gen daga cikin fanel

Wannan sai an yi duk na sama, kuma sai da zanen da'irar amfilifayar a hannu. A mafi yawan matakan aisi, rezista biyu ke yanke yawan ninki: ta farko daga ƙafar fita zuwa ƙafar shiga mai alamar ragi, ta biyu daga nan zuwa ƙasa. Raba ta farko da ta biyu ka ƙara 1. Idan 220k ce da 4.7k (k na nufin om dubu), ninkin kusan 48 ne. Ba sai ka cire komai ba: lika wata 220k a kan ta farko ta bayan fanel, su zama 110k, ninkin ya sauko kusan 24, wato rabi. In bai yi maka ba, ka ɓalle ta.

Wurin da za a rage shi ne abin lura. Kada ka rage a matakin farko, domin za ka raunana siginar tun daga ƙofa, ka koma ka ƙure Master, hucin matakan baya ya fito fiye da da. Rage a mataki na biyu ko na uku, ko a mai karɓar Reverb. Rezista ta biyun kuma, wadda ke zuwa ƙasa, ka bar ta in ba dole ba, don tana tare da kafasita da ke yanke yawan bes. Rage ta zai ƙara gen amma ya sirantar da sauti.

Akwai wata dabara mai sauƙi: ƙaramar kafasita a kan rezistar farko, mai danne sautin can sama. Kafasita mai 220pF a kan rezistar 100k tana fara yanka daga wajen bugu 7,200, sama da inda sifika ke aiki, huci ya ragu jita ba ta ji ba. Ita ɗin dai a kan 220k tana saukowa wajen 3,300, sai sautin ya dushe. Saboda haka fara da 47pF ko 100pF, ka saurara, sannan ka hau. A matakin transista kuwa, nemi kafasitar da ke kan rezistar ƙafar transistar da ake kira emita, ka sa mata rezista mai om 220 zuwa 470 a jere. Gen zai sauka ba tare da wutar zaman transistar, wato wadda ke ratsa ta ko ba a kiɗa, ta motsa ba.

Ƙananan bolum na kan fanel da ake juyawa da sukundireba, musamman na kusa da manyan transistocin ƙarshe, ba na gen ba ne. Na saita wutar zama ne, kuma juyi kaɗan ya isa ya ƙona sashen ƙarshe. Kada a taɓa su.

Mataki na 7: kunnawa bayan aiki

Kunnawar farko a yi ta da ƙwan fitila mai zare na wat 60 a jere da wayar wuta. Ya yi haske ya dushe, lafiya. Ya tsaya da haske sosai, kashe nan take, akwai inda ya haɗe. Kafin ka mayar da sifika, auna wutar DC a bakin wayoyinta. A amfilifaya mai wuta ɓangare biyu, ƙasa da milibolt 50 ake so. Sifikar kuma kada om ɗinta ya gaza abin da aka rubuta a bayan akwati, 8 ko 4. Canji ɗaya za ka riƙa yi kana gwadawa, da maɓallai a wuri ɗaya da wayarka tana ɗaukar sauti daga nisa ɗaya, don kunne yana saurin mantawa. Tsofaffin kayan da ka cire ka ƙulle su a leda ka manna a cikin akwatin, tare da takardar abin da ka sauya da inda ka sauya shi.