Tabarau ko tiyatar leza: yadda ake lissafin wanda ya fi sauƙi a aljihu

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗora kuɗin tiyata a kan kuɗin tabarau guda ɗaya. Tabarau kuɗinsa a hankali yake fita, tiyata kuwa lokaci guda. Don haka sai an mayar da su ma'auni ɗaya, wato abin da kowanne ke ci a shekara.

A fara da tabarau. A haɗa kuɗin firam da gilashi da shafin hana ƙyalli, a raba da shekarun da yake yi kafin a sauya, galibi 2 zuwa 3. Mai lamba babba, wato wanda idonsa ke buƙatar gilashi mai ƙarfi sosai, ya sa da ƙarin kuɗin gilashi marar kauri. Mai sa kontak, wanda ake ɗorawa a kan ƙwayar ido, lissafinsa ya fi nauyi: na kullum guda 730 ne a shekara ga ido biyu, na wata-wata guda 24, ga ruwan wanki, ga mazubin da ake canzawa duk wata 3, kuma duk da haka sai ya ajiye tabarau.

Sai tiyata. A tambaya ko farashin na ido ɗaya ne ko biyu, domin yawanci na ɗaya ake tallatawa. A ji ko ya haɗa da gwajin farko, da maganin ɗigawa, da komawa duba ido, da gyara na biyu idan lambar ta ɗan dawo. A ƙara kwanakin da ba za a je aiki ba: nau'in tiyatar leza da ake kira LASIK kwana 1 ko 2, wanda ake kira PRK kusan mako guda.

Yanzu a raba jimillar tiyata da kuɗin tabarau ko kontak na shekara. Misali, in tiyata ta ninka kuɗin shekara sau 15, sai bayan shekara 15 za ta mayar da kuɗinta. Kada a sa kuɗin gwajin ido a cikin ribar. Leza tana sassaƙe koniya ce kawai, fatar nan mai garai-garai ta gaban ido, ba ta rage tsawon ƙwayar ido, saboda haka mai lamba babba wanda ba ya ganin nesa yana nan da haɗarin yagewar retina, wato fatar bayan ido ta ciki mai karɓar haske, kuma duba ido bai faɗi a kansa ba.

Inda lissafin ke karyewa shi ne shekaru. Daga 40 zuwa 45 madubin cikin ido yana fara tauri, karatu na kusa ya gagara, ko an yi leza ko ba a yi ba. Ɗan shekara 25 yana da kusan shekara 20 babu tabarau. Ɗan 42 kuwa, a misalin can, zai koma sayen tabarau na karatu tun bai ci rabin kuɗinsa ba. Wataƙila ma, in nesa ne ba ya gani, da can cire tabarau kawai yake yi ya karanta, tiyatar ta raba shi da wannan. Gaba kuma ga yanar ido, wadda aikinta ke sauya madubin ɗungurungum.

Bayan tiyatar leza, bushewar ido na iya ɗaukar watanni ana sayen ruwan ɗigawa, wasu kuma fitilun mota na yi musu ƙawanya da dare.

Kafin duk wannan a tabbatar idon ya cancanta: shekara 18 zuwa sama, lamba ba ta motsa ba tsawon shekara guda, ba juna biyu, koniya mai isasshen kauri kuma ba ta fara tsini ba. Mai kontak mai laushi ya ajiye shi mako 1 zuwa 2 kafin awo, mai tauri ya fi haka, don yana danne koniya ya ɓata awon.